Yadda Za Ka Nemi Masu Amfani Da Manhajarka Ta Kyauta Su Biya Kuɗi Ba Tare Da Sun Gudu Ba

Rubuta manhaja aiki ne, cin abinci da ita kuma wani aikin ne daban. Matashin da ya gama Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere, ko wanda ya koya da kansa a YouTube, yakan shafe watanni yana fama da ɗaukewar wuta da tsadar data kafin ya ɗora manhajarsa a Play Store. Jama'a su sauke kyauta, su yi ta sa albarka. Ranar da ya ce a biya, sai ya ga ana ta gogewa. Sau da yawa farashin bai yi tsada ba. Lokacin da aka nemi kuɗin da yadda aka nema su ne suka ɓata lamarin.

Zan yi bayanin da misali guda don kada mu watsu: manhajar rubuta bashi da lissafin kaya, irin wadda mai shagon tireda a Babbar Kasuwar Gombe ko dillali a Tudun Hatsi zai riƙe a wayarsa. Kuma zan fi karkata ga Android, tunda Tecno da Infinix da itel ne a hannun yawancin mutanenmu.

Mataki na farko: ware abin kyauta da abin kuɗi

Ɗauki biro da takarda ka jera duk abin da manhajar ke yi, ka raba gida biyu. Gida na farko shi ne abin da ya sa mutum ya sauke ta tun asali: rubuta wanda ya karɓi kaya, nawa ne, yaushe zai biya, da ganin jimillar kuɗin da yake bin jama'a. Wannan ya zama kyauta, ya yi aiki sumul, ko da babu data a wayar. Gida na biyu shi ne abin da sai harka ta buɗe ake buƙata: adana lissafi a intanet don kada ya salwanta idan waya ta ɓace, tura wa masu bashi tunatarwa, ba yaran shago damar shiga daga wayoyinsu, fitar da rahoton wata, haɗa shago fiye da ɗaya.

Iyakar kyautar kuma za ka iya sa ta ta hanyar adadi, misali mutum 30 ake rubutawa kyauta, ko ta hanyar rufe wasu ayyuka. Ni na fi son ta adadi ga irin wannan manhaja, domin tana tafiya da girman kasuwancin mutum. Mai tebur da ke bin mutum goma bashi ba zai taɓa cin karo da ita ba, kuma babu laifi, shi ne zai tallata ka a layinsu. Wanda ya haura 30 kuwa yana da jarin da zai biya.

Wasu kan cika manhaja da talla, sannan su ce a biya a cire. Ana yi, amma kada ka tsananta tallar da gangan don mutum ya gaji ya biya. Tun 2022 Google ta hana tallar da ke rufe allo gaba ɗaya ba zato ba tsammani alhali mutum na tsakiyar aiki, da wadda ba a iya rufewa bayan daƙiƙa 15. Ban da haka ma, tallar datarsa take ci, kuma ya sani.

Akwai abu ɗaya da ba a taɓawa ko ta halin ƙaƙa: abin da mutum ya rubuta da hannunsa. Rubuta bashi abu ne da addini ya yi umarni da shi, kuma haƙƙin mutane ne a ciki. Duk ranar da ɗan kasuwa ya buɗe waya ya tarar an kulle masa lissafinsa sai ya biya, ka ci amanarsa, kuma kafin la'asar duk layin sun ji labari. Ka sayar masa da ƙari. Nasa kuwa ka bar masa.

Mataki na biyu: gyara hanyar biya kafin ka nemi ko sisi

A nan yawancin 'yan uwa ke tuntuɓe, don haka zan ɗan tsaya.

Buɗe asusun ɗora manhaja a Google Play dala 25 ne, sau ɗaya. Na Apple dala 99 ne duk shekara. Bayan haka sai ka cike bayanan karɓar kuɗi a Play Console, wato shafin da Google ta tanadar wa masu manhaja don kula da manhajarsu. Tun Yulin 2021 Google ta rage kason da take ɗauka a ciniki zuwa 15 cikin ɗari a kan dala miliyan ɗaya ta farko da mai manhaja ya samu a shekara, amma sai ka shiga ka yi rajistar wannan rangwamen da kanka. Kasonta a biyan da ke sabunta kansa, wato wanda ake cira daga kati duk wata ko shekara, shi ma ta mayar da shi 15 cikin ɗari daga Janairun 2022. Ke nan a kowace naira 1,000, naira 150 ba taka ba ce. Sa wannan a lissafi tun kafin ka yanke farashi.

Na san dabarar da ke zuwa zuciya: a sa lambar asusun OPay ko Moniepoint a cikin manhaja, mutum ya tura kuɗi, ya turo shaidar biya ta WhatsApp, a buɗe masa. Da sauƙi kam, kuma haka mutanenmu suka saba. Sai dai ƙa'idar Google ita ce duk abin da ake saye don a yi amfani da shi a cikin manhajar, kamar buɗe wani aiki ko cire talla, ta tsarin biyan kuɗinta zai bi. Saɓa wa wannan na iya sa a sauke manhajar daga Play Store bayan ka sha wahalar tara jama'a. Kayan da ake riƙewa a hannu da hidimar zahiri, kamar odar abinci ko kiran keke, su ne aka ware, kuma a nan ne kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Flutterwave ke shigowa. Ƙa'idojin kan sauya daga ƙasa zuwa ƙasa, daga shekara zuwa shekara, saboda haka karanta shafin ƙa'idar biyan kuɗi da kanka duk lokacin da za ka fitar da sabon salo.

Sai maganar kati. A 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a waje. A 2023 Play Store ta fara karɓar katin Verve, a 2025 kuma wasu bankuna suka sake buɗe katunansu. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne kada ka zauna kana zato. Nemi abokai masu katunan bankuna daban-daban, kowa ya gwada saye na gaske a gabanka. Sannan ka tuna cewa ɗan kasuwa da yawa bai taɓa sa katinsa a asusun Google ba, kuma yana tsoro, tsoron da ke da dalili ganin yadda 'yan damfara suka addabi mutane. Shirya masa gajeren bayani da Hausa, hoto huɗu ko biyar, na yadda ake sa kati da yadda ake cire shi. Ajiye bayanin daidai ƙasan maɓallin biya.

Salon biyan kuma uku ne a gabanka. Akwai biya sau ɗaya shi ke nan, wanda ya dace da abin da ba ya cin ka kuɗi duk wata. Idan kana biyan kuɗin saba, wato kwamfutar intanet da ke adana bayanai, kada ka sayar da na har abada, kai za ka kwana ciki. Akwai mai sabunta kansa, wanda ake cira daga kati duk wata. Sai kuma wanda Google ta ƙaro a 2022: mutum ya biya na sati ko na wata tun gaba, idan ya ƙare ya tsaya, sai in ya ga dama ya sake lodawa. Wannan na ukun ya fi dacewa da mu. Haka muke sayen data, kuma ba wanda ke son a shiga asusunsa a cire kuɗi yana barci. Ƙara na shekara mai rangwame a gefe, saboda dillalin da kuɗi ke shigo masa lokacin kaka ya fi son ya biya gaba ɗaya ya huta.

Farashin naira ka rubuta shi da hannunka a Play Console. Idan ka sa dala ka bar na'ura ta juya, za ta fito maka da adadin da ya fi ƙarfin aljihun mutanen da ka yi wa aikin. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Daga wannan aljihun za a biya ka.

Mataki na uku: zaɓi lokacin magana

Kada saƙon neman kuɗi ya zama abin da mutum zai fara gani ranar da ya sauke manhajar. Bai san ka ba, bai ga amfanin komai ba. Ko mai kilishi sai ya miƙa ɗanɗano kafin ya faɗi kuɗi.

Lokacin da ya fi kowanne kyau shi ne sa'ad da mutum da kansa ya taɓa abin da ke rufe. Saboda haka kada ka ɓoye ayyukan kuɗi. Bar su a fili, da ɗan hoton kwaɗo a gefe. Ya danna wajen adana lissafi a intanet, sai bayani ya fito. Shi ya tambaya, kai amsa kawai ka ba shi, kuma ba zai ji an dame shi ba.

Na biyu shi ne idan ya kusa iyaka. Yana kaiwa mutum 25 cikin 30, ɗan layi ya bayyana a saman allo yana nuna saura biyar. Ba sai ya rufe masa aiki ba. Idan kuma ya zo rubuta na 31, ga ƙa'idar da nake so ka riƙe da kyau: bar shi ya gama rubutawa, ka adana masa, sannan saƙon ya fito. Ka yi tunanin halin da yake ciki. Kwastoma na tsaye a gabansa da buhun masara a kan baro, wani na jiran canji, shi kuma yana son ya rubuta kafin ya manta. Idan ka tare shi a nan, zai jawo tsohon littafinsa na takarda, kuma ba lallai ya dawo ba.

Na uku shi ne bayan abin farin ciki. Ya danna cewa wane ya biya bashinsa, ko ya rufe lissafin rana da dare ya ga ciniki ya yi kyau. Nan zuciyarsa a sake take, kuma amfanin manhajar na gaban idonsa.

Yanayin shekara ma yana da tasiri. Manhajar gwajin jarrabawar JAMB kasuwarta daga lokacin rajista ce zuwa ranar jarrabawa. Manhajar ajiye awon ɗinki, tela ya fi jin buƙatarta a azumi, sa'ad da ɗinkin salla ya yi masa yawa. Idan za ka yi rangwame, a irin waɗannan lokutan ya kamata ya faɗo. Sanarwa kuwa kada ta shigo da tsakar dare ko lokacin da ake masallacin Juma'a.

Mataki na huɗu: rubuta saƙon

Saƙon Turanci mai cewa a koma firimiyam a more abubuwan alheri bai gaya wa Alhaji komai ba. Faɗa masa abin da zai samu da harshen da yake ciniki da shi. Ga misali, farashin kuma na kwatance ne kawai:

"Kun rubuta mutum 28 cikin 30 na kyauta. Da naira 1,500 a wata za ku rubuta ko mutum nawa ne, kuma lissafinku zai adanu ko da waya ta ɓace. Idan watan ya ƙare ba za a cire muku kuɗi ba sai kun sake biya da kanku. Abin da kuka riga kuka rubuta yana nan, ko kun biya ko ba ku biya ba."

A ƙasa maɓalli biyu: "Zan biya naira 1,500" da "Ba yanzu ba". Dukansu su fito ɓaro-ɓaro, yatsa ya iya taɓa kowanne a ƙaramin allo.

Yi amfani da "ku" a duk saƙonninka. Girmamawa ce, kuma ta haɗa namiji da mace, domin ba ka san ko Alhaji ne ke riƙe da wayar ko Hajiya mai sayar da atamfa daga gida ba. Idan da hali, sa ɗan maɓallin lasifika da zai karanto saƙon da murya. A kasuwar Gombe akwai gwanayen lissafi da karatun boko bai zauna musu ba, akwai kuma waɗanda Fulatanci ko Tangale ko Tera ne harshen gidansu, Hausar ji ta fi musu sauƙi a kan ta karantawa. Bidiyo kuwa bar shi, datar mutane yake cinyewa.

Abu huɗu dole su fito fili a kan allon, ba a ɓoye cikin ƙananan rubutu ba: nawa ne, na tsawon wane lokaci, ko yana sabunta kansa, da yadda ake dakatarwa. Google ta tsaurara wannan sharaɗi tun 2020. Idan za ka ba da gwajin kyauta, mafi ƙarancin da tsarin Google ya yarda kwana 3 ne, amma ga mai shago kwana 3 ba su isa ya ga komai ba. Ba shi wata guda ya ga rahoton ƙarshen wata da idonsa. Rubuta masa ainihin ranar da gwajin zai ƙare. Kuma in ka zaɓi mai sabunta kansa, gaya masa cewa goge manhaja ba ya tsayar da cirar kuɗi, sai an shiga Play Store an soke. Mutane da yawa ba su san haka ba, kuma ranar da suka ga alat ɗin cira, kai za su kira ɓarawo.

Guji algus. Agogon ƙarya da ke cewa rangwame zai ƙare nan da minti goma alhali gobe ma yana nan, tsohon farashin da ba a taɓa sayarwa a kai ba da aka ja wa layi, maɓallin ƙi da aka rubuta wa "Ba na son kasuwancina ya ci gaba" don a kunyata mutum, duk yaudara ce. Dokar kare haƙƙin masu saye da hukumar FCCPC ke kula da ita ta hana ruɗar mai saye a kan farashi. Ko ba doka ma, kuɗin da aka karɓa ta haka babu albarka a cikinsa.

Mataki na biyar: ji "a'a" idan an faɗa

Sa manhajar ta riƙa ƙirga sau nawa ta nuna saƙon. Wanda ya danna "Ba yanzu ba", a ƙyale shi kamar sati biyu. Ya ƙi sau uku, a daina bijiro masa, a bar maɓallin biya a cikin jerin zaɓi inda zai same shi duk ranar da ya shirya. Wannan bai shafi lokacin da shi da kansa ya taɓa abin da ke rufe ba.

Sanarwar da ke faɗowa daga saman waya kuma ka yi tsimi da ita. Daga Android 13 sai mutum ya ba da izini kafin manhaja ta turo masa sanarwa. Idan ka ɓarnatar da izinin wajen roƙon kuɗi, zai rufe gaba ɗaya, har da tunatarwar bashin da ita ce ke sa ya riƙa buɗe manhajar.

Mataki na shida: bayan an biya, da kuma bayan ya ƙare

Yana biya, a buɗe masa nan take, a mayar da shi daidai inda ya tsaya, da gajeriyar godiya da ranar da kuɗin zai ƙare. Ta ɓangaren rubutun manhaja akwai abu biyu da ba a wasa da su. Dole manhajarka ta tabbatar wa Google cewa ta karɓi cinikin cikin kwana 3, in ba haka ba za a mayar wa mai saye kuɗinsa a soke. Sannan ka tanadi abin da zai faru idan sabis ya yanke ana tsakiyar biya, ko biyan ya rataye bai kammala ba. Allon ya ce ana jira, kada ya yi shiru, domin mutum zai sake dannawa yana tsoron kuɗinsa sun tafi.

Ga wata matsala tamu ta gida. Abin da aka saya a Play Store yana manne da asusun Google ne. Mutane da yawa kuwa mai gyaran waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi wayar, ba su san kalmar sirrin ba. Waya ta lalace, a buɗe wani sabo, abin da suka biya ya bi ruwa. Maganin shi ne ka haɗa biyan da asusun da mutum ya buɗe a cikin manhajarka da lambar wayarsa, tunda lamba ba a cika sauya ta ba. Da yake za ka riƙe lambarsa da sunayen waɗanda yake bi bashi, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanka: bayyana abin da kake tarawa da dalili, kada ka karɓi fiye da buƙata, kada ka ba kowa.

Ga mai sabunta kansa, kunna kwanakin sassauci da Play Console ke bayarwa idan an je cira aka tarar babu kuɗi a kati. Ɗan kasuwa kuɗinsa na cikin kaya, yau babu gobe akwai. Idan kuma lokaci ya ƙare bai sabunta ba, ya koma sigar kyauta salin alin: yana ganin duk abin da ya rubuta, yana iya cire wanda ya biya, yana iya fitar da lissafinsa, ƙara sabo ne kawai ya tsaya. Sa lambar WhatsApp ta neman taimako a allon biyan, kuma ka riƙa amsawa.

Mataki na bakwai: auna, sannan ka gyara

Firebase, wani kayan aiki na Google da ake haɗawa da manhaja, zai ba ka damar ƙirga abu huɗu kyauta: mutum nawa suka ga saƙon, nawa suka danna biya, nawa suka kammala, nawa suka goge manhajar bayan sun gani. Kowanne da abin da yake nunawa. Ana gani ba a dannawa, ko dai kalaman ne ko lokacin. Ana dannawa ba a kammalawa, matsalar kati ce ko tsoro, koma mataki na biyu. Ana gogewa, ka matsa da yawa. Da Remote Config na Firebase za ka iya sauya kalaman saƙon ba sai ka fitar da sabon salo mutane sun sake saukewa ba.

Idan masu amfani da manhajarka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, gwajin raba su gida biyu a kwatanta ba zai gaya maka gaskiya ba, adadin ya yi kaɗan. Ƙafa za ka sa. Google na sharɗanta wa sabon asusun ɗora manhaja na mutum ɗaya, ba na kamfani ba, ya yi gwajin rufe, wato mutum 12 da ya zaɓa su gwada manhajar na kwana 14, kafin a bar ta ta fito fili. Kada ka cike gurbin da abokanka masu rubuta manhaja. Nemi masu shago na gaske, ka je ka zauna a benci kusa da su, ka ce, "Alhaji, don Allah a gwada biya in gani," ka kama bakinka. Duba inda yatsansa ya tsaya, da kalmar da ya maimaita karantawa, da lokacin da ya miƙa wa yaronsa wayar.

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ko kalamai, ko farashi, ko lokacin fitowa. Kuma kwatanta wata da wata, ba sati da sati ba. Gombe gari ne na ma'aikata, satin da aka yi albashi bashi na dawowa shaguna kuɗi na zagayawa, tsakiyar wata kuwa kowa ya ɗaure aljihu, sai ka ɗauka sabon saƙonka ne ya gaza alhali watan ne ya yi nisa.